Rakiya Har Ƙofa ta Shida

Bethany ta sauka daga tram, jirgin ƙasan cikin gari, a Prestwich rana tana shirin faɗuwa, alhali ko la'asar ba ta gama yi ba. Haka hunturun Manchester yake, yini ya leƙo, ya ga ba mai yi masa maraba, ya koma. Yayyafi ake yi mai laushi, irin wanda mutum ke rainawa har ya jiƙa shi sharkaf. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta miƙi titin gidan Mista Zalman.

Kowace Juma'a wannan ce hanyarta. A Birmingham take zaune, a wani ɗan ɗaki na saman bene a Balsall Heath, amma kamfanin da ke tura ta aikin kula da tsofaffi ya haɗa ta da wannan dattijo na Manchester, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin. Sauran ma'aikata sun ƙi aikin saboda nisa. Ita kuwa ba ta da wanda za ta bari a gida. Tun da ta baro Bukuru, in ka cire mahaifiyarta da take kira ran Lahadi, wayarta ba ta ƙara sai in kamfanin ne. Aikin ƙarshen mako ya raba ta da coci, ta kuma yi kamar abin bai dame ta ba. Ya dame ta ƙwarai.

Mutum ɗaya ce ta ƙi ƙyale ta. Anti Fulera, 'yar Zangon Kumasi da ke zaune a ƙasan benen da mijinta da 'ya'yanta, mace mai yawan magana da sakin hannu. Tun ranar da ta ji Bethany tana waya da Hausa a matakala ta ɗaura ɗamarar zumunci, Bethany kuwa sai zillewa take yi. Ba ƙiyayya ba ce. Wanda ya daɗe shi kaɗai, ko ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci nauyi take yi masa.

Da safiyar ranar ma sai da Fulera ta tare ta a bakin ƙofa da robar wake da shinkafa, an zuba shito, yajin garinsu mai busasshen kifi, a gefe, an naɗe robar da tsumman kicin don kada abincin ya huce.

"Anti, coach ɗina na Manchester fa zai bar tasha."

"Ya tafi mana, wani zai zo. Riƙe nan. Mu je in taka miki."

"Cikin sanyin nan? Ki koma ciki."

"Ke a garinku haka ake yi? Mutum ya kama hanya a bar shi ya fita kamar kaza?"

Da silifa da rigar sanyin mijinta Fulera ta biyo ta har bus stop, tana zuba labarin council, hukumar da ke kula da gidajen, da ɗigar rufinsu. Bethany ta ji kunya, don a gidansu ma haka ne. Mahaifiyarta kan raka baƙo har sai shi ma ya ga ya kamata ya rako ta. Kuma kowa ya san ƙa'idar, mai rakiya ba ya juyawa da kansa, sai wanda ake rakawa ya sallame shi. Sai da Bethany ta ce, "Anti, koma haka nan, na gode," sannan Fulera ta juya.

Yanzu ga ta a wani garin, tana wuce gidaje masu haske. Unguwar Yahudawa ce, kuma Asabacinsu yana kamawa ne daga faɗuwar ranar Juma'a. Maza sanye da baƙaƙen kwat da malafa suna ta sauri zuwa majami'a. Ƙamshin burodi da romon kaza yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofofi. Kowace taga ta leƙa, ga teburi, ga kyandira, ga mutane. Ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri.

Gidan Mista Zalman ne kaɗai ba motsi. Tsohon malamin makaranta ne, ya haura tamanin. Matarsa Rifka ta rasu, ɗansa yana Kanada yana aiko da furanni. Gidan warin tsohuwar takarda yake yi da lemon tsami, littattafai har kan matakala. Ƙafafunsa sun daina yi masa biyayya, ko banɗaki ba ya zuwa sai da ƙarfen dogarawa da hannun Bethany a bayansa. Amma kansa garau, bakinsa kuma ya fi kan kaifi.

A irin wannan maraice ne yake ba ta labarin abin da ya ƙarar da rayuwarsa yana karantawa. Ya ce a zamanin da, bayan an rushe wa Yahudawa Haikalinsu a Urushalima, wasu malamai ƙalilan suka ce in an rushe na ƙasa ai na sama yana nan. Suka shiga neman hanyar isa gaban kursiyin nan da annabi Ezekiyel ya gani, mai ƙafafun keke cike da idanu. Wannan kam Bethany ta sani tun tana makarantar Lahadi, har ya taɓa hana ta barci.

Ya ce fada bakwai ce, kowace a cikin 'yar'uwarta. A bakin kowace ƙofa akwai mala'iku masu gadi, dama da hagu, kuma ba irin na katin Kirsimeti ba ne masu kumatu da murmushi. Dogaye ne, bakansu a ɗane, takubbansu a zare, dawakansu garwashi suke ci. Sai ka san sunan kowannensu, ka nuna masa hatimi, sannan ya matsa maka.

"Kuma ba sa ce wa tafiyar hawa," in ji shi. "Sauka suke cewa. Har yau ban sami wanda ya gamsar da ni dalili ba."

Wadda ya fi maimaitawa ita ce ƙofa ta shida. Ya ce daɓen wurin na farin dutse ne mai sheƙi, sheƙin da zai sa ka rantse igiyar ruwa ce ke zuwa ta haɗiye ka, alhali ko ɗigo babu. Duk wanda ya buɗe baki ya ambaci ruwa ya tona wa kansa asiri cewa ba ɗan wurin ba ne. Masu gadin ba sa tambaya sau biyu, da sandunan ƙarfe suke amsawa.

Ya kuma ce ba a yin wannan tafiya ba tare da ɗan zama ba. Mai tafiya zai zauna ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa yana rera sunaye, abokansa kuma su zauna kusa da shi. In lokacin komowa ya yi, sai su ɗora masa a gwiwa wani ƙyalle da ya taɓa dattin duniya. Can sama ba a jure ko ƙanƙanin datti, don haka sai a sallamo shi. In ba mai ɗora ƙyallen, babu komowa.

Duk wannan Bethany ta sha ji, tana wanke kofi tana cewa "to, Baba." A wurinta hirar tsofaffi ce, kuma ta fi shiru daɗi.

Ran nan ta iske shi a falo cikin farar riga, an taje gemu, yana jiran ta. Ta riƙe masa hannu ya kunna kyandira biyu kafin rana ta faɗi, kamar yadda yake yi tun rasuwar Rifka. Ya yi addu'arsa. Ta kawo romo ya ture kwanon.

"Bethany, zauna. Roƙo zan yi."

Ta zauna a kujerar da ke fuskantar tasa.

"Mu huɗu ne muke karatun nan. Duk sun riga ni. Ni kaɗai na rage da sunayen a kaina, kuma sun fara zubewa. Jiya na nemi sunan mai gadin ƙofa ta uku na rasa har tsakar rana." Ya dubi kyandiran. "Ban taɓa gwadawa ba. Tsoro nake ji. Yanzu tsoron ya ragu, amma ba ni da wanda zai zauna kusa da ni."

 Ita Kirista ce, kuma abin ya yi mata kama da irin wanda fastonsu na Bukuru zai ɗaga murya a kai. Ta buɗe baki za ta ce a'a. Sai ta dube shi a takure cikin bargo, ta tuna tagogin da ta wuto. Ta san abin da ake nufi da rashin mai zama kusa da kai, ba sai an fassara mata ba. Ta ce a ranta, me zai faru? Tsoho zai yi gyangyaɗi a kan gwiwa, shi ke nan.

"Me zan yi, Baba?"

"Ba abin da za ki faɗa. Ki zauna kawai. In kyandir ya ci rabi, ki ɗora min tsumma a gwiwa. Kina da wani mai datti?"

Ta buɗe jakarta. Abincinta ba ya shiga kicin ɗinsa saboda dokokin cinsu, a ɗakinta take ci. Ta warware tsumman Fulera daga jikin robar. Mai ya ɓata shi, warin busasshen kifi da barkono ya cika falon. Mista Zalman ya shaƙa, ya yi tari, ya yi dariya har da hawaye.

"Wannan ko shugaban mala'iku ba zai jure ba." Sai dariyar ta ɗauke. "Abu ɗaya. Ko me kika gani, kada ki tashi daga kujerar nan."

"Na ji, Baba."

Ya sunkuya a hankali har goshinsa ya kai gwiwa. Ya fara rera wani abu ƙasa-ƙasa. Ba irin addu'ar da ta saba ji ba ce. Sunaye ne dogaye, kowane yana hawa kan na bayansa, ba wurin numfashi.

Bethany ta zauna da tsumma a hannunta na dama. Waje ya yi duhu. Agogon bango yana bugawa. Tukunyar ɗumama gida ta yi ƙara ta yi shiru. Wata mota ta wuce, tayoyinta suna tsotsar jiƙaƙƙen titi.

Bayan ita ba wadda ta sake wucewa.

Ta kalli kyandiran. Da saura kafin rabi. Harshen wutar ya miƙe tsaye cak, ba ya rawa. Ta kasa kunne ta ji agogon ya daina. Wani wari ya shigo, ba na kakin kyandir ba, warin ƙarfe mai zafi kamar a maƙera.

Sai Mista Zalman ya ɗago.

Ya dafa hannun kujera ya miƙe. Bai nemi ƙarfen dogarawa ba. Ya tsaya sambal, ya gyara farar rigarsa, ya ce da ɗakin, ba da ita ba, "To. Ni zan tafi."

Ya nufi ƙofa.

An ce hali zanen dutse. Bethany ba ta yi shawara da kanta ba. Dattijo ya ce zai tafi, kuma ita 'yar gidansu ce. Ƙafafunta suka yi abin da aka koya musu tun tana tatata.

"Bari in taka maka, Baba."

Bai ji ba. Ta bi shi, taku ɗaya a bayansa, hannunta na hagu kusa da gadon bayansa ba tare da ta taɓa shi ba, yadda aka koya mata a wurin aiki. Ba ta waiwaya ta dubi kujerun ba. Da ta waiwaya, da labarin ya ƙare a nan.

Suka bi siririn barandar gidan. Ga rigunan sanyi a rataye, ga lemar Rifka da ya hana a taɓa. A bakin ƙofar waje ya shafi ɗan kwanson addu'ar da ke maƙale a jikin dogaran ƙofa, ya sumbaci yatsunsa, ya buɗe.

Babu titi.

Matakala ce mai faɗi tana gangarawa, amma kowane taku sai kunnuwanta su toshe kamar mai hawa dutse. Ta ce a ranta, nan da ƙofar can kawai, zai ce in koma.

Ƙofar ta fi gidan tsawo. A damanta da hagunta akwai wasu abubuwa da ta ɗauka ginshiƙai ne. Sai ɗaya ya yi numfashi.

Ba ta ga fuska ba. Fuskar tana can sama inda ido ba ya kai. Ta ga gefen takobi, ta ga wani haske yana ɗiga yana ƙonewa kafin ya taɓa ƙasa. A bayan ƙofar wani abu yana tauna, ƙurus, ƙurus, kamar doki a kan dawa. Garwashi ne.

Mista Zalman ya ɗaga tafin hannunsa na dama ya kira suna. Ya ɗaga na hagu ya kira wani. Ginshiƙan suka matsa.

Ya wuce. Ta wuce a inuwarsa.

Bai ce ta koma ba.

Ƙofa ta biyu, iska mai sanyin ƙanƙara. Ta uku, ya tsaya. Leɓunansa suna motsi, sunan bai zo ba. Ta ji tsirkiyar baka tana miƙewa a saman kansu, a hankali, tana kuka. Ta runtse ido. Sai sunan ya faɗo daga bakinsa, aka matsa.

Tana so ta juya. Wallahi tana so. Amma bayanta babu komai sai duhu da masu numfashi, gabanta kuma ga bayan dattijon da ta saba tallafa. Kuma bai sallame ta ba.

Daga ta huɗu ta fara jin waƙar. Muryoyi ne da ba su ƙidayuwa, kamar ƙudan zuma a cikin amya, suna maimaita abu ɗaya ba gajiya. Waƙar ba ta kunne take shiga ba, ta haƙora take shiga. Ba mugunta a cikinta. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ba wanda ya ƙi ta a wurin nan, ba kuma wanda ya san da ita. Ta yi zaton ta san kaɗaici a ɗakinta na Balsall Heath. Ashe wasa take yi.

Ta biyar ta wuce ba ta san yadda aka yi ba.

Sai ta shida ta buɗe.

Ruwa.

Iyakar ganinta ruwa ne, fari fat, yana tasowa igiya bisa igiya, yana zuwa ba ƙara. Ta tuna kududdufan kuza na bayan Bukuru, masu kwanciya lumui suna cin 'ya'yan mutane. Ta ga Mista Zalman ya ɗaga ƙafa, ƙafar nan da ta sha sa wa safa, zai taka.

Ta san labarin. Ya faɗa mata ya fi a ƙirga. Amma shekarun da ta yi tana gadin tsofaffi daga jiƙaƙƙen daɓe sun riga tunaninta isa baki.

"Baba, a hankali, ruwa ne."

Waƙar ta tsaya.

Duka. Lokaci ɗaya.

Can sama, abubuwa masu yawa suka sunkuyo.

Ta ji ƙarfe yana gogar ƙarfe. Daga dama. Daga hagu. Daga inda babu dama ko hagu.

Mista Zalman ya waiwayo. Sai yanzu ya gan ta. Fuskarsa da ke cike da haske ta zube.

"Bethany," ya ce da raɗa. "Wa ke zaune a kujerar?"

Ya sake tambaya.

"Wa ke zaune kusa da mu?"

"Ba kowa, Baba."

Ya dubi gabansa. Can ƙetaren farin daɓen akwai ƙofa ta ƙarshe, a buɗe kaɗan, abin da ke fitowa daga cikinta ba shi da suna. Ya dubi hannunta. Tsumman Fulera yana nan a dunƙule cikin yatsunta, da mansa da warin kifinsa. Ɗaya ne. Su biyu ne.

Iskar sandunan ta taso gashin kanta.

Ya fizge tsumman. Ya durƙusa a gabanta, dattijon da ya haura tamanin, ya shimfiɗa shi a gwiwarta ya danna da tafin hannunsa.

Da Hausa ya yi maganar, shi da bai san ko sannu ba. Hausar Bukuru, irin ta bakin ƙofar gidansu.

"Koma haka nan, 'yata. Na gode da rakiya."

Warin barkono ya buge ta. Wani abu ya ture ta, ba da fushi ba, yadda ake kaɗe ƙuda daga bakin ƙwarya.

Agogon bango yana bugawa.

Tana zaune a kujerarta. Ba ta taɓa tashi ba. Kyandiran sun cinye saura ɗan guntu, sun wuce rabi tun tuni. Wata mota ta wuce a waje.

Mista Zalman ba ya kan tasa kujerar. Yana ƙasa a kan kafet, ya ja jiki ya ƙetare tsakaninsu, bargon ya naɗe masa ƙafa. Hannunsa yana kan gwiwarta. Ƙarƙashin hannun, tsumman a shimfiɗe.

Hannun ya fara sanyi.

Ta janye tsumman da sauri ta ɗora a gwiwarsa. Ta danna. Ta kira shi. Ta sake dannawa da hannu biyu, tana kuka, tana cewa ya dawo, ga shi ta ɗora, ga shi nan. Ba abin da ya motsa sai harshen kyandir.

Masu motar asibiti suka ce zuciya ce. Suka ce ta yi duk abin da ya kamata, ta kuma bar su a haka. Da ta cire takalmanta a daren ta tarar tafin ƙafafunta sun yi ja sun kumbura kamar ta taka toka mai zafi. Maƙwabta suka shigo cikin kayan Asabaci, kuma tun daga lokacin ba a sake barin sa shi kaɗai ba. A al'adarsu ba a barin mamaci ba mai zama kusa da shi har a binne shi. Wani ya tashi, wani ya zauna. Bethany tana kallon su daga bakin kicin, wani abu yana ci mata rai. Mutumin da ya rasa ɗan zama yana raye, ga shi ya samu har ana layi.

Ran Lahadi aka fito da shi. Mutanen unguwa suka bi motar a ƙafa, a hankali, har kwanar titi. Wata dattijuwa ta ga Bethany a tsaye a bakin ƙofa ta miƙo mata hannu.

"Zo mu taka masa, ko kaɗan ne."

Bethany ta riƙe dogaran ƙofar gam.

"Na riga na raka shi," ta ce.

Da ta koma Birmingham ba ta hau sama ba. Ta tsaya a ƙofar ƙasan bene da jakarta a kafaɗa, ta ƙwanƙwasa. Fulera ta buɗe da ludayi a hannu, ta dube ta sau ɗaya, ta ajiye ludayin.

"Ƙanwata, lafiya? Ba sai gobe shift ɗinki zai ƙare ba?"

"Anti, zan iya zama a wurinki?"

Ta zauna a kicin ta faɗi komai. Fulera ba ta katse ta ba, abin da mijinta ya ce bai taɓa gani ba. Da ta gama, Fulera ta yi salati a hankali, ta ce ita ba ta san fada bakwai ba, amma ta san ba a wasa da magariba. Ta miƙa hannu za ta karɓi tsummanta ta jefa a injin wanki.

"Kar ki wanke shi, Anti."

Ba a wanke shi ba har yau. Yana rataye a ƙusa kusa da murhun Fulera, yana ƙara datti.

Bethany ta bar aikin Manchester ta sami wani a Sparkhill. Ta koma coci. Yawancin maraice a ƙasan bene take cin abinci, har yaran gidan sun daina ce mata baƙuwa. Amma in an goge daɓen asibiti yana sheƙi, sai ta zagaya ta wata hanyar, kuma bakinta a rufe. Ba ta kuma sake raka kowa ba. In baƙo ya miƙe zai tafi, daga zaune take cewa a sauka lafiya. 'Yan cocinsu suna cewa Ingila ta ɓata ta, ta zama Baturiya. 

Ranar Juma'a ce kawai ba ta yarda magariba ta same ta ita kaɗai. Takan sauko tun da sauran haske ta zauna a kujerar kicin. Wani lokaci, in rana ta faɗi, sai maganarta ta yanke a tsakiya. Idanunta su tsaya a kan ƙofa. Kanta ya karkata kamar mai sauraron waƙa daga nesa, yatsun ƙafarta su fara neman ƙasa.

Fulera ba ta tambayar ta komai. Takan rage wutar murhu, ta ciro tsumman daga ƙusa, ta shimfiɗa mata a gwiwa, ta ɗora hannunta a kai. Ba ta ɗagawa sai Bethany ta dube ta ta kira sunanta.